Murar Tsuntsaye: A Daina Rugawa Kasuwa Da Kaji Marasa Lafiya

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu kiwon kaji na nan Jos tunda hunturu ya kama, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a dausayin Hadejia-Nguru da Tafkin Chadi, wasunsu ɗauke da cutar murar tsuntsaye a kashinsu alhali su garau suke.

Wannan cuta fa ba baƙuwa ba ce, tun 2006 ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, Najeriya ce ta fara ganin wannan nau'in nata mai suna H5N1 a Afirka, a 2007 ta kashe wata budurwa a Legas, a 2015 kuma ta dawo. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ƙwayar ba ta zama yadda take. Gadon halittarta gutsure takwas ne, in iri biyu suka haɗu a jikin agwagwa ɗaya ko alade sai su yi musayar gutsuren a samu sabon iri, kuma cinkoson kaji dubu a keji ɗaya shi ne yake ba ta filin rikiɗa ta ƙara zafi. Ai ga shi a 2024 har shanun madara ta kama a Amurka.

Da idona na ga wani maƙwabcina da gari ya waye kajinsa sun zube, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, maimakon ya kira likitan dabbobi a kai samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke nan bayan gidanmu, wallahi sai ya kira dillalai suka kwashe sauran a araha cikin dare. Kiret ɗin ƙwan nan na kwali da ke yawo gona zuwa gona ba a ko feshe shi, da takalman masu ɗaukar kaya, da buhunan kashin kajin da ake kai wa masu noman dankali, duk motar cutar ce kyauta.

Amma fa ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Mutum ya ci bashi ya zuba, in ya kai rahoto a kashe masa kaji a binne, diyya kuwa sai ya ga ranar zuwanta. Gwamnati ta riƙa biya da wuri ta gani in wani zai sake ɓoyewa. Mu kuma a ajiye ruwan magani a ƙofar keji, a raba agwagi da kaji, mushe a haƙa rami mai zurfi a binne kar a jefa a kwata, masu figa a kasuwa su riƙa wanke hannu da sabulu.

Naku,
Mai kiwon kaji, Bukuru, Jos