A Binciki Abin Da Ke Cikin Ciyawa Kafin A Shuka Ta A Filayen Kiwo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in tsoma baki a wani ɓangare na maganar kiwon zamani wanda ba a cika taɓawa ba. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024 ake ta zancen killace filaye da shuka ciyawa, amma yawancin muhawarar ta tsaya a kan fili da ruwan sha da shinge, ita kuwa ciyawar ana ɗaukarta tamkar abin da za a sayo irinsa a buhu a watsa kawai. Masu bincike sun daɗe da gano cewa ciyawa da yawa suna ɗauke da ƙananan halittu a cikin jikinsu, wato funfuna da bakteriya da ido ba ya gani, masu zama a tsakanin ƙwayoyin kara da ganye da saiwa ba tare da sun sa wa tsiron cuta ba, kuma sau da yawa su ne ke yanke hukuncin ko fili zai yi albarka ko zai cutar da dabbar da ke kiwo a cikinsa.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗar rashin sanin wannan. A 1931 wani masanin aikin gona na Jami'ar Kentaki, E. N. Fergus, ya ga wata ciyawa mai suna feskiyu tana tsaye kore shar a gefen tudu a wata gona, aka ɗebi irinta aka gwada, sannan a 1943 aka fitar da ita ga manoma da sunan Kentucky 31. Ciyawar ta jure fari da ƙwari da tattakar shanu, saboda haka ta bazu har ta mamaye kimanin eka miliyan 35. Sai dai shanun da ke cin ta suka riƙa ramewa, gashinsu ya ƙi kwantawa, nono ya ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya, a lokacin zafi su wuni tsaye cikin ruwa ko a inuwa maimakon kiwo, a lokacin sanyi kuma wasu kofatonsu da bakin wutsiyarsu su ruɓe su faɗi. An shafe shekaru fiye da 30 ana laluben dalili, sai a 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka danganta cutar da wata funfuna da ke zaune a cikin ciyawar, wadda a yau ake sanya ta cikin dangin Epichloë. Funfunar tana haɗa wani dafi da ke matse hanyoyin jini, shi ya sa dabbar ba ta iya fitar da zafin jikinta, jini kuma ba ya isa ƙafa yadda ya kamata.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. An tace iri aka fitar da feskiyu marar funfuna, shanu suka warke suka yi ƙiba, amma cikin 'yan shekaru filayen suka yi ta mutuwa, domin ashe funfunar ce ke ba ciyawar ƙarfin jure fari da korar ƙwari. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Mafita ta zo ne bayan an koma daji ana neman dangin funfunar da ke kare tsiro amma ba sa haɗa dafin da ke cutar da shanu, aka dasa su cikin iri mai kyau, aka fara sayarwa a wajajen 2000. Niyu Zilan ma ta bi irin wannan hanyar da ciyawarta ta rayigiras, inda a 1981 aka gano cewa funfunar cikinta ce ke sa tumaki tangaɗi suna faɗuwa, kuma ita ce dai ke kare ta daga wani ƙwaro mai huda kara da ya shigo daga Kudancin Amurka. Cibiyar bincikensu ta AgResearch ta fitar da zaɓaɓɓen nau'in funfuna mai suna AR1 a 2001. A yau manomin ƙasar idan zai sayi iri, yakan tambayi sunan ciyawar ya kuma tambayi sunan funfunar da ke cikinta.

Waccan funfunar ta ciyawar ƙasashe masu sanyi ce, ba za ta zauna a cikin gamba ko kyasuwa ba. Darasin da ya fi kusa da mu yana Barazil, ƙasa mai zafi da jar ƙasa marar ƙarfi, wadda mafi yawan shanunta ke kiwo a kan birakiyariya, ciyawar da asalinta daga Afirka aka kai ta. A can wata masaniyar kimiyya, Johanna Döbereiner, wadda ta rasu a 2000, ta kwashe rayuwarta tana nuna cewa ba gyaɗa da wake kaɗai ke da abokan zama masu kama sinadarin naitirojin daga iska ba, har dangin ciyawa da rake da masara suna da nasu bakteriya, wasu a jikin saiwa, wasu a can cikin kara. Manomanmu sun san 'yan ƙululun da ke saiwar gyaɗa, sun kuma san gonar da aka cire gyaɗa takan yi wa hatsi kyau. Bambancin shi ne na ciyawa ba sa yin ƙululu, shi ya sa aka daɗe ba a lura da su ba. Ɗaya daga cikinsu, Azospirillum, babban aikinsa shi ne fitar da sinadaran da ke sa saiwa ta yi tsawo ta yi gashi da yawa, ta yadda tsiron zai kai ga ruwa da taki da a da ba ya kaiwa. Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta Embrapa ta zaɓo nau'o'insa biyu, aka fara shafa wa irin masara da alkama, daga baya a 2016 aka kai ga birakiyariya, inda gwaje-gwajensu suka nuna ƙarin yawan ciyawa na kimanin kashi 15 cikin 100. Wannan aiki na cikin abin da ya sa ta samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. Ya kamata a lura cewa an samu wannan ƙarin ne tare da ɗan takin naitirojin, don haka duk ɗan kasuwar da ya zo da kwalba yana cewa ta maye gurbin taki gaba ɗaya, a yi hattara da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da hannu a wannan tarihi amma ba mu ci moriyarsa ba. Gambar da aka fitar wa makiyayan Kolombiya da Barazil a 1980 daga Shika ta Zariya aka ɗauki irinta, wurin da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take a yau. Ciyawar da ke shan rani na wata shida ko bakwai, a ƙone ta da wuta, ruwan farko ya sauka ta sake tohowa, ta cancanci a leƙa cikin saiwarta da kararta a ga su wane ne ke zaune a ciki. A Nairobi masu bincike na ILRI, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa, sun yi irin wannan aikin a kan birakiyariyar Gabashin Afirka, kuma ba abin da zai hana jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su yi shi a kan gamba da kyasuwa, tunda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta riga ta nuna da Nodumax, haɗin bakteriya da ake shafa wa irin waken suya, cewa ana iya haɗa irin wannan kaya a cikin gida.

Saboda haka ina kira ga sabuwar ma'aikatar da gwamnatocin jihohi da kada su amince da wani irin ciyawa ko wani ruwan shafa wa iri da aka shigo da shi sai an gwada shi a ƙasarmu, kuma gwajin ya haɗa da lafiyar dabbar da ta ci ciyawar, nauyinta da nononta da haihuwarta, ba tsawon kara kaɗai ba, domin da tsawon kara ake aunawa da Kentucky 31 ta ci kowace jarrabawa. Haka nan a tanadi wurin ajiya mai sanyi tun kafin a sayo kayan, saboda waɗannan halittu rayayyu ne, zafi da laima na kashe su tun kafin irin da ke ɗauke da su ya mutu, kuma buhun da ya kwana makonni a ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu zai iya tsirowa lafiya alhali abin da aka biya kuɗi dominsa ya riga ya mutu. A kuma shigar da makiyaya cikin aikin tun daga farko, domin su ne suka san fadamar da gambarta ke daɗewa da ɗanye da kuma ciyawar da shanu ke ƙi ko da suna jin yunwa, kuma daga irin waɗannan wurare ya kamata a fara ɗibar samfurin da za a kai ɗakin bincike.

Na gode da wannan dama.

Mai karatunka daga Zariya