Kada murnar Indiya ta rufe mana ido kan damisar Asiya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan damisar Asiya mai ratsin jiki. Shekara ɗari da suka wuce an ƙiyasta akwai kusan 100,000 a daji, amma zuwa 2010 saura wajen 3,200. A shekarar ne ƙasashe 13 masu wannan dabba suka taru a Saint Petersburg ta Rasha, suka yi alkawarin ninka adadin kafin 2022.

Nepal ta cika alkawari, daga 121 zuwa 355. Indiya, wadda ta fara shirin kare dabbar tun 1973, ƙidayarta ta 2022 ta nuna kimanin 3,682. Madalla. Sai dai a Kambodiya da Laos da Vietnam an daina ganinta gaba ɗaya. A tsibirin Sumatra na Indonesiya kuwa ana ta sare daji ana dasa kwakwar manja, mafarauta na kafa tarkon waya, ana fasa-ƙwaurin fata da ƙashi don haɗa magungunan gargajiya.

Ko Indiyar ma ta taɓa shan kunya: a 2005 aka gano a gandun dajin Sariska ba damisa ko guda ɗaya, alhali a takarda suna nan lafiya lau. Shi ya sa ni alƙaluman hukuma ba sa burge ni sai an tantance su. Kuma manomin da damisa ta cinye wa saniya, in ba a biya shi diyya da wuri ba, guba zai sa.

Wassalam.

Mai karatunka daga Kano