Zuwa ga ƙawata, kan maganin da likita ya ba ki shawara

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya sanyin Ingila, ya maigida da yara? Na sha dariya da kika ce kin yi rabin sa'a kina neman makullin mota, ashe yana hannunki. Ni ma tun da al'adata ta fara ɗaukewa haka nake, ga zufar dare ko a tsakiyar hunturu.

Kin ce in faɗa miki gaskiya a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ko tsufa ne ke kawo wannan mantuwa, da kuma zancen maganin mayar da sinadarin estirojin da likita ya ba ki shawara. To, ba tsufa kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma sukari ne abincinta. Estirojin, sinadarin jikin mata da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, yana taimaka mata ƙona sukarin nan, yana kuma sa jijiyoyin jini su saki jiki, jini ya gudana sosai. Idan ya ragu, sai wutar murhun ta yi ƙasa. Masaniyar ƙwaƙwalwa Lisa Mosconi da abokan aikinta a New York sun ga hakan a hoton ƙwaƙwalwar mata masu shekarunmu da na'urar PET, mai nuna yadda ƙwaƙwalwa ke ƙona sukari. Abin da ya kwantar min da hankali, sun ga alamun ƙwaƙwalwar tana sabawa daga baya.

Sai dai kada ki ɗauka mayar da sinadarin shi ke nan an gama. A 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata da ake kira WHI a Amurka, saboda an ga ƙarin shanyewar ɓarin jiki, daskarewar jini da sankarar mama ga masu shan maganin. A 2003 kuma aka ga matan da suka fara shan maganin suna da shekara 65 zuwa sama sun fi kamuwa da cutar mantuwa. Jijiyar da ta riga ta tsufa ba ta karɓarsa kamar sabuwa. Shi ya sa ake son farawa kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar al'ada. Ke 51 kike, ko kin rage ne yadda kika saba?

Don zafin jiki da rashin barci ake ba da shi, ba don rigakafin mantuwa ba. Ki gaya wa likitan zancen hawan jininki, ki tambaye shi na mannawa a fata, ya fi na haɗiya sauƙin haɗarin daskarewar jini. Tunda ba a cire miki mahaifa ba, zai haɗa da wani sinadarin, furojestaron, don kare mahaifar.

Kilishinki na nan, ina jiran mai tafiya. Ki gaida mutanen gida.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Zariya