Duwatsun Atlas ba aman wuta ne ya tara su ba, kuma ba su gama tashi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku da ya waiwayi girgizar ƙasar Maroko ta 2023, na kuma ji daɗin yadda kuka bar mutanen ƙauyukan da abin ya shafa suka yi magana da bakinsu. Sai dai baƙon da kuka gayyato ya faɗi abu biyu da suka tsaya mini a wuya. Ya ce duwatsun Atlas aman wuta ne ya tara su. Ya kuma ce yankin ba wurin girgiza ba ne, abin ya faɗo ne kawai, masana ma ba su san dalili ba. Labarin ƙasa na koyar a sakandare har na ajiye alli, kuma na san yara da yawa abin da suka ji a rediyo shi suke riƙewa fiye da abin da malam ya rubuta a allo. Shi ya sa na ce bari in sa baki.

Girgizar ta auku ne daren Juma'a, 8 ga Satumba, 2023, jim kaɗan bayan ƙarfe 11, da ƙarfin maki 6.8. Tushenta yana lardin Al Haouz, wajen kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh, a cikin ɓangaren duwatsun Atlas da ake kira Atlas Babba, ba nisa da Toubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a arewacin Afirka, mai mita 4,167. Mutum fiye da 2,900 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Masallacin Tinmel, wanda Muwahhidun, masu mulkin Maroko a lokacin, suka gina a tsakiyar ƙarni na 12 a garin da jagoransu Ibn Tumart ya mayar cibiyar kiransa, ya rushe kusan gaba ɗaya alhali ana cikin gyara shi.

Ina ganin abin da ya ruɗe baƙonku shi ne taswira. Ɓawon duniya ya kasu ne manyan ɓangarori masu motsi a hankali, waɗanda ake kira faranti. Iyakar da farantin Afirka ya haɗu da na Turai da Asiya tana can arewa, wajen Bahar Rum da mashigar Jibralta, kusan kilomita 500 daga inda abin ya faru. Wanda aka koya masa cewa girgiza a bakin faranti kawai take, dole ya yi mamaki. Amma ai duwatsun su ma a cikin farantin suke, ba a bakinsa ba, kuma abin da ya sa suka tashi a can shi ne dai ya sa ƙasar ta girgiza a can. Amsa ɗaya ce ga tambaya biyu.

Atlas jerin duwatsu ne da ya miƙe kusan kilomita 2,500 daga gaɓar Atlantika a Maroko, ya ratsa Aljeriya, ya ƙare a Tunisiya, kuma ba duka ne sa'annin juna ba. Na can kudu, wanda ake kira Anti-Atlas, shi ne dattijo. Ya nannaɗe ne wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin da Afirka ta yi karo da Amurka ta Arewa aka samu dunƙulalliyar nahiya guda, Panjiya. Karon nan shi ne ya ɗaga duwatsun Appalachia na gabashin Amurka, don haka su da Anti-Atlas 'yan ɗaki ɗaya ne da teku ta raba daga baya.

Labarin Atlas Babba, inda girgizar ta faru, shi ne mai ban sha'awa, domin inda yake tsaye a yau da can rami ne. Sama da shekara miliyan 200 da suka wuce Panjiya ta fara yagewa. Babbar yagar ita ce ta zama Tekun Atlantika. Amma ƙasa ba ta yagewa a layi ɗaya tsaf, wasu tsagogin sun kutsa cikin arewa maso yammacin Afirka. Tsakanin tsagogin ƙasa ta lotsa, aka samu dogon kwari. Koguna suka yi ta zuba jan yashi da laka a ciki. Ruwan teku yana shiga yana ƙafewa yana barin gishiri. Wajen shekara miliyan 201 da suka wuce narkakken dutse ya malalo ya shimfiɗu a kai. Daga baya teku ta shigo sosai ta zauna, ta tara farin dutse irin wanda ake siminti da shi, mai kaurin kilomitoci a wasu wuraren. Sai dai wannan yagar ba ta kai ga zama teku ta dindindin ba. Ta tsaya a hanya, tsagogin suka yi barci a ƙarƙashin abin da aka jibga musu.

Duk wannan ana ganinsa da ido, ba sai an je ɗakin bincike ba. Da muka je ziyara Fas, muka gangara Marrakesh, na bi motar haya ta hanyar Ouarzazate wadda ke hawa ta mashigar Tizi n'Tichka, sama da mita 2,200. Inda aka yanka dutse aka fitar da titi, za ka ga jan dutse shimfiɗa kan shimfiɗa, amma maimakon su kwanta yadda ruwa ya ajiye su, wasu sun karkace, wasu sun miƙe tsaye, wasu sun lanƙwashe sun dawo. A bakin hanya samari sun baza tebura suna sayar da duwatsu. Na ɗauki wani mai faɗin tafin hannu, baƙi-baƙi, a murɗe, da layuka a jere daga cibiya zuwa baki. Halittar teku ce da ta daskare ta zama dutse, wadda masana ke kira amonait, ga ta a hannun yaro a wurin da dusar ƙanƙara ke rufe hanya da hunturu. Ba nisa da nan, wajen Telouet, har yanzu ana haƙar gishiri a cikin dutse. Aman wuta ba ya haifar da gishirin teku, ba ya kuma jera halittun ruwa a cikin cikinsa.

To me ya mai da rami dutse? Tafiyar Afirka ce ta sauya. Da kudancin Atlantika ya buɗe, nahiyar ta juya ta fara matsawa wajen Turai, tsohuwar tekun da ke tsakaninsu ta yi ta tsukewa har saura Bahar Rum. Matsin bai tsaya a baki ba, ya ratsa cikin farantin yana neman wuri mai rauni. Kowace mace ta san ƙwaryar da aka taɓa ɗinkewa, in an danne ta, a bakin ɗinkin take sake buɗewa. Tsofaffin tsagogin nan su ne ɗinkin. Da can gefensu yana zamewa ƙasa saboda ana jan ƙasar, yanzu kuma da ake matse ta, sai suka koma aiki a juye: abin da ke cikin kwarin aka tunkuɗo shi sama, ya hau kan filayen da ke gefe biyu, na Marrakesh a arewa da na Souss da Ouarzazate a kudu. Yawancin wannan aiki ya gudana ne cikin shekara miliyan 40 ɗin nan na baya, kuma kaso mai tsoka na tashin ya fi haka kusa da zamaninmu.

A nan zan ba baƙonku haƙƙinsa, domin akwai inda zancen wuta ya shigo, ko da yake ba ta ƙofar da ya shigo da shi ba. Da masana suka auna yawan matsewar da Atlas Babba ya yi, sai suka ga ba ta kai ta ɗaga dutse mita 4,000 ba. Ɓawon ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma bai yi kaurin da ake samu a ƙarƙashin duwatsun Alps na Turai ko Himalaya na Asiya ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne farantin ya yi siriri a ƙarƙashin Maroko, zazzafan dutsen cikin duniya ya matso kusa, yana tallafe yankin gaba ɗaya daga ƙasa. Shaidarsa ita ce tsofaffin duwatsun aman wuta da ake gani a Siroua da kuma kewayen Azrou da Ifrane a Atlas na Tsakiya. Akwai su, ba a musu. Amma 'yan tsiraru ne da suka ɓullo a kan jerin, ba su suka gina shi ba.

Yau Afirka tana matsar Turai da abin da bai wuce milimita 4 zuwa 5 a shekara ba ta wannan ɓangaren, kuma rabon Atlas Babba a ciki wajen milimita 1 ne. Mutum zai ce wannan ai ba komai ba ne. Lissafa shi: shekara 1,000, mita guda ke nan. Dutse ba ya sakin wannan mitar a hankali. Tsagar tana maƙale, matsi yana taruwa, kakanni su zo su wuce, jikoki su zo su wuce, babu wanda ya ji ko motsi, rana ɗaya ta saki cikin daƙiƙoƙi. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka ɗauka kafin daren da bayansa sun nuna ƙasar wajen ta ɗaga sama da santimita 10. Wato abin da mutanen Al Haouz suka ji a daren nan, dutsen ne yake ƙara tsawo. Jinkirin nan shi ne mugun abu game da irin waɗannan wurare. Inda ƙasa ke girgiza kowace shekara, kamar Japan, magini ba ya mantawa. Inda take yin ƙarnoni tana shiru, sai a ɗora rufi mai nauyi na itace da ƙasa a kan bangon dutse da laka, babu abin da ya ɗaure bango da bango, a kan gangare, kuma babu wanda zai ga laifin mai gidan, tunda haka ya tarar ana yi.

Cewa yankin ba shi da tarihin girgiza ma ba daidai ba ne. A ƙarshen Atlas Babba ta yamma birnin Agadir yake. Ranar 29 ga Fabrairu, 1960, girgiza mai maki 5.8 kacal ta kashe mutum 12,000 zuwa 15,000 a can, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin, saboda tushenta ba shi da zurfi kuma yana daf da birnin. Ta 2023 ta fi ta ƙarfi wajen sau 30, amma ta faɗa a ƙauyuka warwatse. A ɓangaren Aljeriya kuwa, inda Atlas ɗin gaɓa ya fi kusa da bakin faranti, girgiza ta rushe garin El Asnam a 1980, wata kuma ta afka wa Boumerdes a 2003, kowacce da dubban rayuka. Na san akwai mai cewa wannan duk ƙaddara ce, kuma haka ne, ba ni da ja. Sanin sababi bai taɓa kore ƙaddara ba, in ba haka ba da ba mu yi wa yara rigakafi ba.

Abin da ya sa nake ganin darasin ya shafe mu ma, ba don in tsorata kowa ba, shi ne muna da ɗan'uwan wancan kwarin a gida. Kwarin Binuwai yaga ce da ta tsaya a hanya lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, teku ta shige ta, ta bar farin dutsen da ake siminti da shi a Ashaka da Gboko. Amonait ɗin da na gani a Tichka, ana tono irinsa a nan jihar Gombe. Shi ma kwarin an taɓa matse shi, wajen shekara miliyan 85 da suka wuce, ya nannaɗe a yankin Abakaliki, kuma masana da dama suna danganta hakan da sauyin tafiyar Afirka wajen Turai. Bambancin shi ne mu muna nesa da bakin faranti ƙwarai, matsin bai ɗore ba, kwarin bai zama Atlas ba. Duwatsun Jos da na Ayar a Nijar kuwa wani gida ne daban, narkakken dutse ne da ya kutso ya daskare, ba nannaɗewa ba ce. Da baƙonku a kansu yake magana, da ya fi kusa da gaskiya.

Roƙona shi ne ku sake buɗe batun, ko na minti goma ne. Akwai sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma ba a rasa wanda zai yi bayanin da Hausa garau. In kun samu mutumin, ku haɗa masa da tambaya kan motsin ƙasar da mutanen Mpape a Abuja suka ji a Satumbar 2018, ya faɗa wa jama'a a fili ko irin na Atlas ne ko wani abu ne daban.

Na gode da fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa, daga Gombe.