Masu injin casar shinkafa, ku riƙa jin ta bakin ma'aikatanku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kira ga masu injinan casar shinkafa na Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan dam ɗin Tiga ya sa ake noma rani da damina. Injina sun yi yawa, amma kaɗan ne ke bunƙasa. Ana kuka da tsadar dizal da rashin wuta, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai asarar cikin gida: Alhaji shi kaɗai ke yanke shawara, wanda ke tsaye gaban inji ba a tambayarsa komai.

Shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, tana son danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a zuba ta a inji. In ba ta bushe ba, ta toshe rariya. In kuma an gasa ta a rana mai zafi ba a bar ta ta huce a inuwa ba, ƙwayar ta tsage tun tana cikin ɓawo, ta fito karyayya, farashi ya faɗi. Mai tuƙa inji da haƙori yake gane wannan, daga ƙara kuma yake sanin robar da ke ɓare ɓawo ta cinye ko bel ya saki. To, wanda ake biya da lissafin buhu, an kuma ce masa mota na jira, me zai sa ya kashe inji?

A masana'antar motocin Toyota, kowane ma'aikaci yana da ikon tsayar da layin aiki in ya ga matsala. A ba mai tuƙa inji wannan iko, ba tare da an zabtare masa kuɗin yini ba. Kowace safiya kafin a tayar da inji a zauna minti 10, har da masu shanya da 'yan dako, a rubuta abin da aka faɗa a littafi. Matan da ke turara shinkafa ma a aika a ji nasu, domin daga tukunyarsu launi da ƙarfin ƙwaya ke farawa. Ladan ƙari kuwa a ɗora shi kan yawan doguwar ƙwaya da ta fita lafiya.

Inda abin ke lalacewa shi ne a ji shawara a yi shiru. Sau biyu ya isa ma'aikaci ya kama bakinsa. In ba za a ɗauka ba, maigida ya faɗi dalili kafin Juma'a ta zagayo.

Naku,
Mai karatu daga Kura, Jihar Kano