A waiwayi 'yan uwanmu masu aiki a jirgin ruwa

Edita, assalamu alaikum. Ƙanena ya bar Maradi ya tafi Kwatano ya samu aiki a jirgin ruwan dakon kaya, wata 7 yana bisa teku, kwatsam aka sallame shi a wata tashar ƙasar waje, ba laifin tsaye ba na zaune, ba albashi ba kuɗin dawowa. Wallahi Inna da waya a hannu take kwana. Alhali yarjejeniyar 2006 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) kan ma'aikatan jirgin ruwa ta ce mai jirgi ne zai maido ma'aikaci gida da kuɗinsa, albashi kuma duk wata. Mu Nijar ba mu da teku, shi ya sa ake mantawa da su. Don Allah ma'aikatar harkokin waje ta sa baki.

Mai karatunku daga Maradi