Shayin ganyen rasberi da alkawarin naƙuda mai sauƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani shayi da ya shigo hannun matanmu masu juna biyu a 'yan shekarun nan, wato shayin ganyen rasberi, wanda ake tallarsa a Instagram da TikTok da zaurukan mata na WhatsApp a matsayin maganin sauƙin naƙuda. Ni ungozomar asibiti ce, na daɗe ina aikin awo da karɓar haihuwa, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda alkawarin da ake yi wa mata a kan wannan ganye ya zarce abin da bincike ya tabbatar nesa ba kusa ba. Ana ce musu yana ƙarfafa mahaifa, yana tausasa bakinta, yana gajarta naƙuda, har ma akwai masu bugun ƙirji da cewa wadda ta lizimci shansa ba za a yi mata aiki ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Rasberi dai ba tsiron ƙasarmu ba ne. Ƙaramin itace ne mai ƙaya da ke fitowa a ƙasashen sanyi na Turai da arewacin Asiya, masana tsirrai suna kiransa Rubus idaeus, kuma saboda jajayen 'ya'yansa ake noma shi. Ungozomomin gargajiya na Turai, musamman na Ingila, sun yi ƙarnoni suna shanya ganyensa suna dafa wa mata idan ciki ya tsufa. A shekarar 1941 ne likitoci suka fara rubutu a kansa da gaske, inda mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a kan mahaifar dabbobi, wanda ya nuna cewa akwai wani abu a cikin ganyen da ke sa naman mahaifa ya saki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tsaya a magana ɗaya ba: wani lokaci ganyen yakan sa mahaifar dabba ta saki, wani lokaci kuma ta ɗaure, gwargwadon yadda aka haɗa shi, da yawan da aka bayar, da halin da mahaifar take ciki. Ko wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata, domin abin da ke iya taɓa mahaifa ta fuska biyu ya wuce a kira shi shayin marmari.

Gwaji mafi inganci da aka yi a kan mata shi ne wanda wasu ungozomomi suka gudanar a wani babban asibiti na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, aka buga sakamakonsa a 2001. Mata 192 masu cikin fari ne suka kai ƙarshen gwajin. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya ƙwayar ganyen rasberi giram 1.2 sau biyu a rana tun daga mako na 32 har zuwa ranar naƙuda, ɗaya kashin kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu ganyen a cikinta, kuma ba a bari matan ko masu karɓar haihuwar sun san wadda ke shan wanne ba. Matakin farko na naƙuda, wato lokacin da bakin mahaifa ke buɗewa, wanda shi ne mafi tsawo kuma shi ne ya fi galabaitar da mace, bai ragu ba ko kaɗan. Mataki na biyu, lokacin nishi da yunƙurin fito da jariri, ya ragu da kusan minti goma a wurin masu shan ganyen, sannan waɗanda aka sa wa ƙarfen jawo kan jariri sun kasance kashi 19 cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 30. Amma da aka bi lissafin, bambancin bai kai matsayin da za a ce ba dace ba ne kawai. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne ba a ga wata illa ga uwa ko jariri ba a cikin waɗannan mata, ba a kuma tabbatar da amfanin da ake yayatawa ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan minti goman a ransa, ya gwada shi da abin da masu talla ke rubutawa.

Bayan wannan, wani nazari da aka yi a ƙasar Norwe a kan mata 600, aka buga a 2011, ya gano cewa an fi yi wa masu shan ganyen rasberi aiki fiye da waɗanda ba su sha ba. Adalci shi ne a ce masu shan ba su da yawa a cikin nazarin, kuma mai yiwuwa ne waɗanda dama suke fargabar wahalar haihuwa su ne suka fi neman ganyen, saboda haka ba za a ɗora masa laifin kai tsaye ba. To amma babu yadda za a yi a karanta wannan sakamako a ce ganyen yana hana aiki. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai, wato ƙasashen da suka gaji wannan ganye kaka da kakanni, ta amince da shi ne kawai a matsayin maganin gargajiya na ƙaramin ciwon mara lokacin al'ada, da kumburin baki da maƙogwaro, da ɗan gudawa, ta kuma bayyana cewa ba ta ba da shawarar a sha shi da ciki ko lokacin shayarwa ba, saboda babu isasshen bayani a kan amincinsa. A 2016 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wata mai ciwon sugan ciki da ke allurar insulin, wadda suganta ya riƙa faɗuwa bayan ta fara shan wannan shayi. A 2021 kuma wasu masu bincike a Ostareliya suka tattara duk abin da aka rubuta a kan ganyen, suka ƙarasa da cewa hujjar da ake da ita mai rauni ce.

Abin da masu talla ba sa faɗa, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar, shi ne irin matan da aka yi gwajin Sidni a kansu. Sai da aka tantance su, aka tabbatar cikinsu ba mai haɗari ba ne, suna zuwa awo a kan kari, kuma a asibiti suka haihu, inda ɗakin tiyata da jini da likita suke kusa. Ko a Ingila, inda mata da yawa ke shan wannan shayi, shawarar da ake ba su ita ce kada su fara kafin wajen mako na 32, su fara da kofi ɗaya, su tuntuɓi ungozomarsu tukuna, sannan akwai jerin waɗanda ake ce wa su bar shi gaba ɗaya: wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai cikin tagwaye, da wadda jaririnta ya zo da ƙugu ko ya kwanta a gicciye, da mai hawan jini, da wadda ta ga jini a ƙarshen ciki, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da wadda naƙudarta ta baya ta zo da gaggawa ƙwarai. Da shayin ya iso hannun masu sayarwa a wayoyinmu, sai aka ɗauko alkawarin aka bar wa Turawa sharuɗɗan.

Na ga wannan da idona a layin awo. Wata baiwar Allah mai ciki na uku, wadda aka yi wa aiki a haihuwarta ta biyu, ta zaro wani ɗan kwali daga jakarta, da hoton mace mai ciki tana murmushi a jikinsa, ta ce tun cikin yana wata biyar take shan kofi uku kullum, domin mai sayarwar ta tabbatar mata cewa a wannan karon da kanta za ta haihu. Niyyarta ita ce idan naƙuda ta tashi ta zauna a gida har sai abin ya matso, don kada, a cewarta, a yi mata gaggawar wuƙa. Na kwantar da ita na nuna mata tabon da ke ƙasan cibiyarta, na ce mata irin wannan tabo yana nan a jikin mahaifar kanta, kuma shi ne wurin da ke iya yagewa idan naƙuda ta yi tsanani babu mai lura da bugun zuciyar jariri. Mace mai tabon aiki tana iya haihuwa da kanta, wannan gaskiya ne, amma a asibitin da za a iya shiga da ita tiyata cikin 'yan mintuna. Ban ga laifinta ba, domin ta ji zafin aikin farko, ta ji kuɗin da mijinta ya kashe, ta kuma ji maganganun dangin miji masu ganin wadda aka yi wa aiki kamar ragguwa ce. A kan wannan tsoro nata aka yi ciniki.

Kuma shayin bai tarar da gida babu kowa ba. Tun kafin zuwansa, mai ciki a ƙasar Hausa tana shiga watanninta na ƙarshe da jiƙe-jiƙen maganin zaƙi, saboda imanin da aka gada cewa zaƙin da ya taru a ciki shi ne ke tsawaita naƙuda. Yanzu sai ka tarar da mace ɗaya tana shan na gwaggo da safe, na kasuwa da rana, na intanet da dare, ga kuma ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a asibiti, alhali babu wanda ya taɓa gwada abin da wannan haɗi ke yi a jikin mai ciki. Ganyen rasberi yana ɗauke da sinadarin tanin mai sa bauri, irin wanda ke cikin baƙin shayi, kuma sananne ne cewa wannan sinadari yana rage yadda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini idan aka sha su tare, ga shi kuwa ƙarancin jini ya yi wa matanmu katutu.

Doguwar naƙudar da ke kashe mata ko ta bar su da yoyon fitsari, mafi yawan lokaci dalilinta shi ne kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuma jaririn bai kwanta daidai ba. Babu ganyen da ke faɗaɗa ƙashi, babu kuma wanda ke juya jaririn da ya gicciye. Haka nan shayi ba ya tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ba ya hana jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A irin wannan hali, duk abin da zai ƙara wa mace ƙwarin gwiwar jinkirta zuwa asibiti da awa biyu ko uku, ni a wurina haɗarinsa ya fi na abin da ke cikin kofin.

Akwai kuma tambayar abin da ke cikin kwalin. Wasu kwalaye na kamfanonin waje ne da aka rubuta abin da suka ƙunsa, wasu kuwa busasshen ganye ne a leda ko gwangwani da aka manna wa takarda, wanda babu mai iya rantsewa cewa rasberi ne, ko ba a gauraya shi da wani abu mai tayar da naƙuda ba. Ko da an ga lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, a jikin maganin gargajiya, ya kamata a san cewa irin wannan rajista ba shaida ba ce cewa maganin yana yin aikin da aka ce yana yi, shi ya sa ake tarar da rubutu a jikin irin waɗannan kaya cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu nauyin. Mace ba za ta faɗi abin da take sha ba idan ta san tsawa za ta biyo baya, kuma wadda aka kunyata a gaban 'yan uwanta a layin awo, sai ta koma gida ta ci gaba da sha a ɓoye. Ya kamata tambayar abin da mai ciki ke sha na gargajiya ta zama cikin tambayoyin awo na yau da kullum, a yi ta da sakin fuska, a rubuta amsar a kati. Mai lafiyayyen ciki da aka auna aka ga babu matsala, idan ta ce tana sha'awar kofi ɗaya bayan wata na bakwai ya wuce, ba na ganin dalilin yi mata faɗa, matuƙar ta san ba a tabbatar da amfaninsa ba, ta raba lokacin shansa da na ƙwayar ƙarin jini, ta kuma daina nan take idan ta ji mararta na ɗaurewa da ƙarfi, ko ta ga jini, ko motsin jariri ya ragu, ta taho asibiti.

Ina kira ga 'yan uwana mata masu wannan sana'a da su ji tsoron Allah su cire maganar hana aiki daga tallarsu, su kuma rubuta da Hausa a fili waɗanda bai kamata su sha ba. Ina kira ga NAFDAC da ta sa ido a kan abin da ake tallata wa masu ciki ta waya kamar yadda take bin shaguna. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku na fannin lafiya ya sayi irin waɗannan kwalaye daga masu sayarwa daban-daban, ya kai wa masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello su duba abin da ke ciki, sannan ku buga mana sakamakon. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata ungozomar asibiti,
Kano.